Yadda waƙar Baka da Aka ta fito daga kurmi ta shiga ajujuwan Turawa

A kurmin kudu maso gabashin Kamaru, matan ƙabilar Baka na da waƙar da ake kira yelli, wadda suke rerawa cikin dare zuwa asuba idan maza za su fita babbar farauta. Kusan babu kalmomi a cikinta, sai murya da ke hawa tana sauka tsakanin ƙirji da maƙogwaro. Yau ana koyar da irin wannan waƙa a Birtaniya da Amurka, ga mutanen da ba su taɓa taka kurmi ba.

Koyar da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Bahaushe ya saba da mawaƙi da 'yan amshi, ya ja su karɓa. Bature kuma ya saba da rubutacciyar waƙa da jagora a gaba. Baka da 'yan'uwansu Aka na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba su dogara da ko ɗaya ba. Muryoyi da yawa ne ke tafiya lokaci guda, kowace da hanyarta, kowa na cike gurbin da wani ya bari. Masana sun gano cewa yawancin waƙoƙin Aka na da sassa huɗu, kuma mai rerawa na iya sauya nasa duk lokacin da aka zagayo. A 2003 UNESCO ta ayyana waƙar Aka cikin fitattun al'adun ɗan Adam.

Simha Arom, wanda ya isa Afirka ta Tsakiya a 1963, shi ya samo dabarar warware ta. Sai ya naɗi taron duka, sannan ya sa wa mutum guda naɗin a kunne, ya ɗauki muryarsa ita kaɗai. Haka aka ga yadda ake saƙa zaren.

Sai dai sanin tsari daban, rerawa daban. Michelle Kisliuk, malama a Jami'ar Virginia da ta zauna da Aka tun a shekarun 1980, ta riƙa koya wa ɗalibanta waƙar haɗe da rawa, ta hanyar ji da kwaikwayo. Su Hart, 'yar Birtaniya da ta je wurin Baka a 1992 tare da Martin Cradick, ita ma da baki take koyarwa. Ɗalibin da ya saba jiran umarni dole ya riƙe muryarsa yana sauraron na kusa da shi, ba tare da ta janye shi ba.

Maganar da ta fi zafi ita ce ta kuɗi. A 1973 Herbie Hancock ya sake fitar da "Watermelon Man", inda makaɗinsa Bill Summers ya busa kwalba yana kwaikwayon salon hindewhu na mutanen Ba-Benzele. Masani Steven Feld ya yi rubutu a 1996 kan yadda irin waɗannan muryoyi ke yawo a kasuwar waƙa ta duniya, masu su kuwa ba a jin ɗuriyarsu.

A nan dole a yaba wa Hart da Cradick. Ƙungiyarsu, Baka Beyond, na mayar da kason Baka ta hannun gidauniyar Global Music Exchange, kuma da kuɗin aka gina gidan waƙa a yankinsu, bisa buƙatar mutanen da kansu.

Amma kuɗin faifai ba ya maye gurbin kurmi. Kamfanonin katako sun ci yanki mai yawa, gandun daji irin na Lobeke da aka kafa a 2001 kuma ya taƙaita farauta. Baka da dama yanzu a ƙauyukan bakin hanya suke zaune. Yelli waƙar farauta ce, kuma yayin da ɗalibai ke koyonta a ɗakunan taro na Ingila, fitar da ake rera ta dominta tana ƙara wuya a gida.