Kallon Naka a Fagen Dambe

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, aka kwashe masara da dawa, aka tsinke auduga, buhuna suka doshi kasuwar Dandume, sai gari ya samu sararin wasa. A lokacin ne ake share fage a bayan gari, daga Bakori zuwa Ɗanja da Ƙafur, makaɗa su ɗauko kalangu, samari su fito dambe da kokawa. Baƙo yakan zuba ido a kan mutum biyun da ke tsakiyar fili, amma ɗan gari ya san cewa kallon naka a fage aiki ne da al'ada ta raba wa dangi, kowa da gurbinsa, kuma wannan rabo shi ke tsare mutuncin wasan.

Yayye da abokai su ne na kusa. Su ke naɗa wa ɗan dambe zare a hannun da zai kai naushi, su riƙe masa riga, su fesa masa ruwa a fuska tsakanin turmi da turmi, domin turmi uku ake yi, sai fa idan an yi kisa kafin nan, wato hannu ko gwiwar ɗayan ya taɓa ƙasa. Kawu da baffa su ke ratsa fili su liƙa masa kuɗi a goshi, su sallami makaɗi don ya ci gaba da ambaton gidansu. Taubashi yana da damar yi masa tsiya ko da an kayar da shi, ya mai da zafin faɗuwa abin dariya. Gwaggo da ƙanne mata kuwa daga gefe suke rangaɗa guɗa. Uba yakan tsaya can baya cikin dattawa, fuska a ɗaure, ko ya ƙi zuwa sam, balle a ce ɗan fari ne. Uwa tana gida tana addu'a, sai yara su sheƙo da gudu su kawo mata labari.

Wasu za su ce wannan rashin kulawa ne, su kawo misalin gasar tanis ta Wimbledon a Ingila, inda ake ware wa iyalan 'yan wasa wurin zama na musamman, inda kuma 'yan'uwan nan Venus da Serena Williams suka kara da juna a wasan ƙarshe a 2002 da 2003 da 2008 da 2009. To, amma wasan bai zama ɗaya ba. A tanis ƙwallo ake bugu, a dambe jikin ɗanka ake bugu. Uban da ya tsaya a bakin fage ya ga jinin ɗansa, da wuya ya mallaki zuciyarsa, kuma idan babba ya fusata, wasa ya koma rikicin gidaje biyu. Alkunya ta janye wanda zuciyarsa ta fi zafi, ta bar waɗanda za su iya ihu yau su gaisa da abokan hamayya gobe a kasuwa.

Akwai kuma ƙorafin malamai a kan dukan fuska da layu da guraye da cacar da ake yi a gefen fili. Ƙorafi ne mai tushe, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Sai dai ɓarnar ta fi yawa ne a gidajen dambe na birni, inda ake biyan kuɗin ƙofa, ɗan wasa kuma ba ya ganin kowa nasa. A gaban kawunsa, matashi yana jin nauyin shan ƙwaya ko dukan wanda ya riga ya faɗi. Ko jarumai irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da sunan gida da na gari aka san su.

Matsalar tsaro a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta rage tarukan dare, fagage da dama sun mutu. Ya kamata hakimai da sarakunan fawa da ƙananan hukumomi su mai da wasan da la'asar, a tsakiyar gari, inda dangi za su iya halarta. Damben da aka yi a gaban dangi shi ya fi tsabta, kuma shi ya cancanci a raya.