Ramin da Ke Cikin Ƙarfe: Mas'alar Mariƙi Kafaffe da Mai Sassauci

Duk wanda ya san Damargu, tun daga Bakin Birji har Tanut, daga can kuma ya karkata yamma zuwa Belbeji, ya san ƙasa ce da Allah Ya yi wa baiwar gero da dabbobi, amma Ya ajiye ruwanta can ƙarƙashi, inda ba a cim masa sai da doguwar igiya ko da famfo. Saboda haka al'amuran mutanenta a yau sun rataya ga wasu 'yan ƙarafa masu juyawa, wato sandar injin niƙa, da ta famfon burtsatse, da ta manyan motocin da ke bin hanyar Agadas. Kowace sanda kuwa cikin rami take juyawa, galibi ramin wani zobe na tagulla, kuma ranar da ramin nan ya cinye ya yi faɗi, sai inji ya soma kaɗawa yana ƙara, mai yana tsiyaya, har ya tsaya cik, mata su koma ga turmi. Sau da yawa mai inji sai ya kwance ƙarfen, ya naɗe shi a tsumma, ya shiga mota zuwa Damagaram, tafiyar kilomita kusan 150 daga Tanut, domin ya kai shi wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda a nan ake kira tur, a yi masa sabon zobe.

Wannan inji yana da kai da gindi. Kan shi ne mai haƙoran da ke damƙe ƙarfe su juya shi, gindin kuma yana zamewa a kan gadon inji yana turo kayan huji. To, ƙarfen huji, duk kaifinsa, ba ya barin rami daidai wa daida, domin yakan ɗan karkace, ya kuma bar kaushi a ciki. Shi ya sa gwani yake huda ramin ya gaza awon da ake so da kaɗan, sa'an nan ya bi shi da makankari, wani ƙarfe mai baki shida ko takwas a kewayensa, wanda ba ya ɗebe fiye da kashi biyu ko uku cikin goma na milimita. Na sha tsayawa ina kallon wannan mataki na ƙarshe: a rage gudun inji, a ɗiga mai, a tura a hankali, sai ka ga ɓarɓashin tagulla siriri yana taruwa a cikin kwarin makankarin, mai aikin kuwa ya yi tsit, yatsunsa suna sauraron abin da kunne ba ya ji.

A nan ne masana sana'ar suka yi saɓani, kuma saɓanin nasu a kan abin da zai riƙe makankarin ne. Jama'a ta farko ta tafi a kan cewa a kafe shi ƙam a gindin inji, ba motsi ko na ƙwayar zarra, hujjarsu ita ce abin da aka kafe ba ya rawa, kuma mai aiki ya san haƙiƙanin inda bakin ƙarfensa yake a kowane lokaci. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana da sharaɗi mai nauyi, wato tsakiyar gindi ta yi daidai da tsakiyar kai, sama da ƙasa, dama da hagu. Idan gindin ya goce da kashi biyu kacal cikin ɗari na milimita, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, to makankari zai ci gefe guda fiye da sauran, kuma da yake ƙarfen juyawa yake yi, cin nan zai zagaye ramin duka, faɗinsa ya iya ƙaruwa da ninki biyu na gocewar, bakinsa kuma ya buɗe fiye da cikinsa.

Jama'a ta biyu ta ce, tun da babu injin da ya kuɓuta daga aibi, a bar wa makankari 'yar sarari. Mariƙinsu yana hana shi juyawa, yana kuma tura shi gaba, amma an ƙera shi yadda zai iya gusawa gefe kaɗan, wasu a kan ƙananan ƙwallaye na ƙarfe, wasu a kan faranti biyu masu zamewa, domin ramin da aka riga aka huda ya zama shi ne jagora. Madugun ayarin da ke zuwa Bilma zai gane wannan nan take, don raƙumin da aka sakar wa akala kaɗan yakan bi sawun na gabansa lafiya lau, alhali wanda aka ɗaure tamau kowace fizga a wuyansa take ƙarewa. Illar wannan hanya kuwa a cikin falalarta take, domin makankarin da ke bin rami ba ya gyara shi. In ramin farko ya karkace, to zai bi karkatar da biyayya, ya kuma goge ta ta yi sheƙi har mai kallo ya zaci aiki ya yi kyau. Haka nan mariƙin da sassaucinsa ya yi yawa yakan bar ƙarfe ya yi makyarkyata, ramin ya fito da tudu da kwari.

Inda muhawarar nan ta fi zafi shi ne tsakanin maƙeran bindigogin gasar harbi na Amurka da Turai, waɗanda ke kankare ɗakin harsashi a gindin bututu, suna neman ya dace da tsakiyar bututun ba tare da gocewa ba, kuma har yau ba su yi ijma'i ba, don kowane ɓangare yana da gwanayen da aikinsu ya yi masa shaida. A ƙasarmu laifi ne ƙera makami ba tare da izinin hukuma ba, kuma a wannan zamani na fitina ba abin da nake fata ga samarinmu sai su nisance shi. Amma tarihi ya nuna cewa ilimin huda ƙarfe daidai daga wannan ƙofa ya shigo. A 1774 wani Bature na Ingila, John Wilkinson, ya sami takardar mallakar wata dabara ta huda igwa daga curin ƙarfe, inda igwar ke juyawa sandar huji tana kafe, kuma daga 1775 shi ne ya riƙa huda tukwanen injin tururi na James Watt, wanda ya daɗe yana fama da rashin mai yi masa rami madaidaici. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan fage, domin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igwa a cikin birninsa, tun ba a ga tur ko ɗaya a ƙasar nan ba.

Ra'ayina game da masu aikin da Damargu ke dogara da su shi ne, mariƙi mai sassauci ya fi dacewa da halinsu. Mafi yawan injunanmu tsofaffi ne da suka gama hidima a Turai kafin su iso, sa'an nan ƙurar hunturu ta gauraya da mai ta zama tamkar magagari, tana cin gadon inji musamman kusa da kai inda aka fi aiki, ta yadda gindin da aka daidaita a wuri guda yakan goce da zarar an gusa da shi. Sai dai wajibi ne kafin makankari ya shiga a miƙar da ramin da wuƙar cikin rami mai baki ɗaya, wadda ita ce ke tilasta masa bin tsakiyar juyawa, a kuma ɗora agogon awo, mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, a tabbatar ƙarfen ba ya lilo a haƙoran inji. Agogon nan kuɗinsa bai kai na tunkiya ba, kuma mai injin niƙan da ya taso tun daga Belbeji yana da haƙƙin ya tambaya ko akwai shi a shagon kafin ya kwance tsummansa.