Shiri na Musamman: Yadda Manhajar Intanet Ke Karanta Fayil ɗin Rubutu

Fayil ɗin rubutu shi ne ma'ajiyar bayanai mafi sauƙi a kwamfuta: haruffa ne zalla, layi bayan layi, babu hoto babu ado. Duk da akwai manyan rumbunan bayanai irin MySQL, har gobe manhajojin intanet suna dogara da shi wajen karɓar jerin farashin kaya, ko sakamakon jarrabawa, ko saitin manhajar kanta.

Harshen PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ya isa misali, tunda da shi aka gina WordPress da manhajar da ke riƙe da Wikipedia. Aikin hawa uku ne. Umarnin fopen ya buɗe fayil, tare da harafin r mai nuna cewa karatu kawai za a yi. Sai fgets ya riƙa ɗauko layi ɗaya-ɗaya har ƙarshe, sannan fclose ya rufe. Akwai gajeriyar hanya, file_get_contents, mai kwaso komai a tashi ɗaya. Ga ƙaramin fayil ba ta da laifi. Sai dai PHP kan zo da iyakar megabait 128 na ƙwaƙwalwar aiki, kuma idan fayil ya zarce haka manhaja sai ta tsaya cik. Wanda buhu ya fi ƙarfinsa, da mudu yake kwashe hatsinsa. Amfanin karatun layi-layi ke nan.

Yawancin bayanan suna zuwa a tsarin CSV, inda waƙafi ke raba suna da lambar waya da adireshi. A nan sababbin hannu kan yi tuntuɓe. Sukan yanka layi a duk inda suka ga waƙafi, alhali adireshi kamar "Unguwa Uku, Kano" yana ɗauke da nasa waƙafin, sai gurbi ɗaya ya zama biyu, jerin ya rikice. Ƙa'idar RFC 4180 ta 2005 ta bayyana cewa a killace irin wannan gurbi da alamun zance, kuma umarnin fgetcsv ya san da haka.

Inda lamarin ya fi shafar Hausa shi ne haruffa. Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsohon tsarin ASCII na Amurka gurbi 128 ke gare shi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya ba kowane ɗaya daga waɗannan haruffa masu lanƙwasa bait biyu. Shi ya sa kalmar "ƙasa" mai harafi huɗu take cin bait biyar: umarnin strlen mai ƙirga bait zai ba da biyar, umarnin mb_strlen mai ƙirga haruffa zai ba da huɗu. Idan aka karanta fayil ɗin UTF-8 da tsohon tsarin Windows, ƙ sai ta fito alamomi biyu marasa ma'ana, amma ana iya gyarawa. Abin takaici shi ne a adana fayil ɗin da tsohon tsarin tun farko, alamar tambaya ta maye gurbin harafin. Sunan Ɗanjuma ko Ɓaidu ya lalace ke nan a takardar sakamako, kuma babu umarnin da zai dawo da shi. Excel ma, idan ya adana CSV a UTF-8, yakan liƙa bait uku da ido ba ya gani a farkon fayil, waɗanda ke ɓata sunan gurbin farko in ba a cire su ba.

Saura tsaro. Manhajar da ke barin baƙo ya rubuta sunan fayil ɗin da za a buɗe ta ba ɓarawo dama, domin da ɗigo biyu da layi mai karkata (../) zai iya haurawa zuwa fayilolin sirri na uwar garke. Don haka ake tantance sunan da jerin waɗanda aka yarda da su, a kuma ajiye fayilolin bayanai a waje da foldar da jama'a ke iya kaiwa ta burauza.