Furannin Farkon Damina a Gidajen Libreville

A Turai, mai lambu kan jira ƙanƙara ta narke kafin ya ga furen farko a watan Maris. A Libreville, babban birnin Gabon, ruwan sama ake jira. Birnin yana bakin tekun Atlantika, dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka babu hunturu irin na Turai. Rani kan kama daga Yuni zuwa Satumba, gari ya yi lumshi, ruwa ya ɗauke. Da Oktoba ta kama sai sama ta ɓalle, kuma ruwan da ke sauka a shekara ya kusa milimita 3,000, wato ya ninka na Kano kimanin sau uku.

Cikin masu fara amsa kiran ruwan akwai dangin albasar kwaɗi, wadda manoman ƙasar Hausa suka sani a fadama. Ƙwanta kan kwanta a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon rani. Da ƙasa ta jiƙa sai kara mai kauri ya ɓullo, a kansa furanni farare masu jan zane a tsakiya, ƙamshinsu ya fi tashi da yamma. Yakuwa kuwa, wadda mutanen Gabon ma ke miya da ganyenta, tana ba gida fure da abinci a lokaci guda.

Yawancin furannin da ke ƙawata katangun birnin baƙi ne da suka zama 'yan gida. Buganbiliya daga Kudancin Amurka ta fito, kuma ta fi yin fure idan ruwa ya yi ƙaranci. Amma ba kowane baƙo ke jure zaman ba. Ƙwan tulif na buƙatar makonni kusan 12 cikin tsananin sanyi kafin ya yi fure, ga shi yawan laima na ruɓar da shi.

Babban aikin mai lambu a nan shi ne sarrafa ruwa. Mamakon ruwa na wanke takin ƙasa, shi ya sa ake ɗaga kunya, a buɗe magudana, a riƙa zuba takin kaji kaɗan-kaɗan. Mai son sanin itatuwan ƙasar kuma ya leƙa gandun Sibang da ke cikin birnin, wanda aka kafa a 1931.

Duk mai son gidansa ya yi fure a Libreville, ya gyara kunyarsa tun Satumba, ya kuma shuka abin da ƙasar ta yarda da shi.