Tsohuwar A-kori-kura Tana Mutuwa a Hanya? Ga Yadda Za Ka Kama Matsalar da Wayarka

A bidiyon wannan makon mun duba 'yar na'urar nan da ake soka wa mota ta riƙa magana da wayar hannu. A nan kuma za mu ɗora ta a kan matsalar da ta fi ba masu tsohuwar a-kori-kura ciwon kai: mota na cikin tafiya lafiya lau, sai inji ya ɗauke. Ka gangara gefen titi, ka jira minti ashirin, ka murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Ka kai ta gareji, ta wuni tana aiki ko tari ba ta yi ba.

A nan ne kuɗi ke zurarewa. Yau a canza fulogi, gobe koyil, jibi famfon mai, duk a kan "ƙila shi ne". Wanda ke Amurka ko Ingila ya san da awa ake biyan bakanike, wanda kuma motar ce abincinsa a Kumasi ko Jidda ya san kowane wuni a gareji asara ce. Ciwon da ke zuwa ya tafi ba a gano shi lokacin da mota take lafiya. Dole ka shirya kayan gwajinka tun kafin ta mutu, domin 'yan mintocin da take ƙin tashi su ne damarka.

Da farko, ka tsira da ranka

Idan inji ya mutu kana gudu, sitiyari zai yi tauri, birki kuma taki ɗaya ko biyu na sauƙi ya rage maka kafin ya sandare. Kada ka yi ta famfa shi. Sa giya a firi, kunna fitilun gargaɗi, ka taka birki sau ɗaya da ƙarfi har ka tsaya a gefe. Kada ka zare makulli, sitiyari na iya kullewa. Wayar kuma a bar ta tana naɗar bayanai da kanta, ko wani ya riƙe maka. Ba a kallon waya ana tuƙi.

Yaya ta mutu?

Injin fetur abu uku yake so a lokaci guda: wuta, mai, da iska. Yadda ya mutu yakan nuna wanne ya yanke.

Idan ta ɗauke tashi ɗaya kamar an kashe makulli, ka zargi lantarki: sensar karanshaf, koyil, rile, ko wata waya da ta saki. Idan ta fara shaƙewa, kana taka totur tana ja da baya kafin ta mutu, ka zargi mai. Idan kuwa sai ka saki totur ko ka tsaya a danja take mutuwa, amma a kan gudu ba ta da matsala, to maganar iska ce da silo.

Duk lokacin da ta yi, ka rubuta a waya: inji da zafi ko da sanyi, yawan man da ke tanki, ko ka faɗa rami, ko ana ruwa, da mintocin da ta ɗauka kafin ta sake tashi. Bayan sau uku ko huɗu za ka ga abin yana da tsari.

Abin da na'urar ke iyawa

Duk ƙaramar mota da a-kori-kura da aka sayar a Amurka daga ƙirar 1996 tana da soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. A Turai dokar ta hau kan motocin fetur daga 2001. Na'urorin ELM327 da suka cika kasuwa, waɗanda yawancinsu kwaikwayon na asali ne, ba su kai kuɗin cika tanki ba. Masu Android suna haɗa su ta Bluetooth da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin na tsohon Bluetooth yawanci ba ya haɗuwa.

Motocin da aka sauko da su daga Amurka ta tashar Tema suna da wannan tsari. Amma tsohuwar Hilux da aka ƙera don kasuwar Saudiyya ko Afirka tana iya ƙin magana da na'urar. A irin tsofaffin Toyota, ana buɗe ƙaramin akwatin gwaji da ke cikin bonet, a haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, a kunna makulli, a ƙirga ƙiftawar fitilar inji a dashbod. Ita ce lambar matsalar.

Idan ta haɗu, karanta lambobin da aka ajiye har da masu jiran tabbaci, ka ɗauki hoton allon da ke nuna yanayin inji a daƙiƙar da lambar ta shiga. P0335 sensar karanshaf ce, P0340 ta kamshaf, P0230 layin wutar famfon mai, P0505 tsarin silo, P0171 kuma iska ta fi mai yawa. Kada ka goge su, kada kuma ka cire kan batir, domin shaidarka kake zubarwa. Lamba layi take nunawa, ba lallai sensar ce ta lalace ba. Tana iya zama wayarta ce ta goge da salansa.

Sau da yawa ma babu lamba ko ɗaya. To sai naɗar bayanai. Zaɓi abubuwa huɗu kawai: gudun inji, ƙarfin batir, zafin ruwa, da gyaran mai. Na'urorin araha suna da nawa, idan ka cika musu tambayoyi za su tsallake daƙiƙar da kake nema.

Gwaji uku a bakin titi

Ta mutu, ka faka lafiya. Kafin ta huce, yi waɗannan.

Na ɗaya, kunna makulli ba tare da ka ba ta kik ba. Fitilar inji ta kama? Idan ba ta kama ba, ko manhaja ta ce ta rasa motar, to kwamfutar motar ce ba ta samun wuta. Duba babban rile, fiyus, makunnin makulli, da wayar da ta haɗa nagatif ɗin batir da jikin inji. Batir lafiyayye yana kusa da bolt 12.6 a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki.

Na biyu, saurari tanki. Da ka kunna makulli, famfon yawancin waɗannan motoci yakan yi ɗan ƙugi na kamar daƙiƙa biyu. Idan ka ji shiru, musanya rilensa da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin fiyus. Wasu Toyota ba sa kunna famfo sai ana kik, saboda haka ka san halin taka tun tana lafiya.

Na uku, ba ta kik kana kallon gudun inji a waya. Inji mai juyawa da kik yakan nuna kamar 150 zuwa 250. Idan inji na juyawa amma allo na nuna sifili, kwamfuta ba ta ganin juyin, ba za ta ba da wuta ko mai ba. Wannan ita ce alamar sensar karanshaf da zafi ya gajiyar: cikinta wayar tagulla ce siririya, idan ta yi zafi sai ta buɗe ta yanke, idan ta huce ta koma ta haɗe. A gida kana iya tabbatarwa da na'urar busar gashi: bar inji a silo, ka hura wa sensar zafi, ka ga ko zai ɗauke. Haka nan ka riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, nesa da fanka da bel.

Akwai abin da waya ba za ta gaya maka ba: ƙarfin turin mai. Yawancin tsofaffin motoci ba su da sensarsa, sai ma'auni na hannu da ake ɗaurawa a bututun nozul. Chevrolet da GMC masu injin Vortec 5.7 na 1996 zuwa 2000 suna son psi 60 zuwa 66, idan ya ɗan sauka ƙasa da haka sai su fara gardama. Idan allura ta faɗi kafin inji ya mutu, mai ne. Idan tana tsaye har ya mutu, bar famfo ya huta. Ka tuna kuma fetur ɗin tanki ne ke sanyaya famfo, shi ya sa mai yawo da rizab cikin zafin Makka ko Njamena yake saurin kashe nasa.

Idan a silo take mutuwa

Silo lafiyayye yana tsakanin 600 da 800. Duba gyaran mai na dogon zango. Idan ya haura kashi 10 a silo amma ya sauko da ka taka zuwa 2500, iska na satar shiga ta tsagaggen tiyo. Idan kuwa ƙaruwa yake yi da ka taka, mai ne ba ya isa, fara da filta. In lambobin daidai suke, wanke bakin totur da bawul ɗin silo, sannan a duba bawul ɗin EGR, wanda idan ya maƙale a buɗe yakan shaƙe inji da hayaƙinsa.

Waɗanda aka riga aka san su

Ford na fetur daga 1983 zuwa 1995 suna da ƙaramin akwatin wuta mai suna TFI, da yawansu a jikin distiributa, inda zafi ke kashe shi. Maganar har kotu ta kai a Kalifoniya. Wanda ya taɓa haɗa kwamfuta zai gane gyaran: sai an shafa man ɗauke zafi a bayansa, irin wanda ake sa wa furosesa. F-150 na 2004 zuwa 2008 kuwa, akwatin da ke sarrafa famfon mai yana saman safayar taya, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan cinye shi har ya tsage. Injin dizal 7.3 Power Stroke shi ma a 2007 kamfanin ya kira motocin don canza sensar kamshaf.

Idan ka gama, kai wa bakanike hotunan allo da rubutunka, ka ce masa: "Maigida, tana mutuwa bayan minti talatin, kuma lokacin kik gudun inji sifili ne." A canza abu ɗaya, a yi tafiyar da ta saba mutuwa a cikinta, kafin a taɓa na biyu.