Zaɓen Firosesa a Ƙasar Zafi: Faɗakarwa ga Masu Sayen Kwamfuta a Karaye da Rogo

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sa'an nan rajistar katin ɗan ƙasa da neman aiki suka bi sahu suka koma intanet, sana'ar buga takardu ta samu kasuwa a garin Karaye da garin Rogo, har ya zamana saurayin da ya tara ɗan jari, ko malamin makarantar da ke neman abin da zai tallafa wa albashinsa, yakan kama hanyar Kano ya nufi Titin Beirut domin ya sayo kwamfutar tebur. A can kuwa tambayar farko da mai kaya zai yi masa ita ce wane firosesa yake so, i5 ko i7 ko Ryzen, alhali galibi mai saye bai san abin da ya bambanta su ba, face dai mai babbar lamba ya fi tsada.

Firosesa shi ne ɗan abin nan mai kusurwa huɗu da ke kwance ƙarƙashin fanka a cikin akwatin kwamfuta, wanda dukkan lissafi ke bi ta cikinsa, kuma kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ne suka mallake kasuwarsa. Da abu biyu ake auna shi: gudunsa, wanda ake ƙidayawa da gigahaz, da yawan ƙwayoyin aikin da ke cikinsa. A da gudu kaɗai ake tsere a kai, har Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8, sai zafi ya tare hanya, domin abin da yake fitarwa ya fi ƙarfin fankar da talaka zai iya saye. A shekarar 2005 kamfanonin biyu suka sake dabara, suka fito da firosesa mai ƙwaya biyu. Misalin ƙwayoyin nan kamar 'yan ƙodago ne a gona: idan kunyoyi ne za a nome, mutum shida sun fi mutum biyu nesa ba kusa ba, amma idan rijiya guda ce za a haƙa, mutum ɗaya ne zai shiga rami, sauran su tsaya a baki suna kallo. Saboda haka mai shagon da ke buɗe Word da CorelDraw da shafukan rajista goma a lokaci guda, firinta na aiki a gefe, ƙwaya 4 zuwa 6 sun wadace shi. Kuma sau da yawa nauyin da yake kuka da shi daga ƙarancin RAM ne da tsohon faifan ajiya, wanda gigabait 16 na RAM da faifan SSD za su warkar da kuɗi kaɗan. Mai tace bidiyon biki kuwa yana da hujjar neman ƙwaya 8 ko fiye.

Amma mas'alar da ta fi cancantar nazari a wurinmu, wadda masu rubuta sharhin kwamfuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba, ita ce wuta da zafi, waɗanda a haƙiƙa abu guda ne, domin duk wutar da firosesa ya sha zafi take komawa. Core i5-12400 an rubuta masa wat 65, idan aiki ya tsananta ya kai 117. Core i9-13900K kuwa an rubuta masa 125, amma yakan haura zuwa 253. To, mutumin da ke zaune a inda lantarkin KEDCO ke zuwa ya tafi ba sallama, duk da cewa madatsar ruwa ta Challawa na nan cikin ƙasar Karaye tun 1992 kuma an daɗe ana zancen samar da wuta daga gare ta, wanda kuma tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama tilas ya yi lissafi kafin ya tayar da janareta, wajibi ne ya karanta waɗannan lambobi kamar yadda yake karanta farashi. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da abin da ya kai wat 2,400 na sa'a guda, wanda rabinsa kawai ya kamata a zuƙe idan ana son batirin ya yi ƙarko. Kwamfutar da ke jan wat 100 za ta kusa wuni a kansa, mai jan 400 kuwa sa'a uku ta gama da shi.

Sa'an nan ga bazara, wadda daga Maris zuwa Mayu zafinta ke wuce digiri 40, shago kuma rufin kwano ne ba silin, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firosesa. Shi kuwa an halitta masa kariya, idan ya kusanci digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, ta yadda mai i9 a ɗaki mai zafi zai biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba.

Daga nan hukuncin ƙure gudu, wato tilasta wa firosesa ya wuce ƙa'idar da maƙeransa suka ɗora shi a kai, ya fito fili. Abin yana yiwuwa: a wajen Intel sai mai harafin K a ƙarshen lambarsa tare da babban allon cikin akwati da firosesa ke zaune a kai mai harafin Z, a wajen AMD kuwa akasarin Ryzen a buɗe suke. Sai dai ƙarin gudu na bukatar ƙarin ƙarfin wuta, zafi kuwa yana hawa fiye da yadda gudun ke hawa, ga shi firosesan zamani ya riga ya iya ɗaga kansa gwargwadon sanyin da ya samu, ribar da ta rage ba ta taka kara ta karya ba. Ko Intel da kanta, a shekarar 2024, ta amsa cewa wutar da ta yi yawa tana lalata wasu manyan firosesanta na zubi na 13 da na 14, har ta ƙara wa masu su shekara biyu na garanti. Ga yaron da ke wasa da kwamfuta don koyo, babu laifi. Ga wanda abincin iyalinsa ke cikinta, ni a ganina israfi ne tsantsa.

Galibin masu saye dai na hannu za su ɗauka, irin Dell da HP da aka kwaso daga ofisoshin Turai, kuma ba abin raini ba ne, musamman masu harafin T da ke shan wat 35. Sharaɗi guda ne: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar abin da ya gaza zubi na 8 na Intel, saboda haka i7 na zubi na 4 da ake yi wa kirari a kanti, i5 na zubi na 8 ya fi shi amfani. Wanda zai haɗa sabuwa ya dubi irin Ryzen 5 5600G, mai ƙwaya 6 da wat 65 da na'urar hoto a jikinsa, ya kuma kiyayi na Intel mai harafin F, domin ba ya nuna hoto sai an saya masa katin hoto daban. Kafin ka miƙa kuɗi, ya kai mai saye, ka sa a kunna ta a gabanka ka karanta cikakkiyar lambar firosesan da idonka, ka tambayi wat nawa yake sha, ka sa a sake masa man sanyaya, sa'an nan rarar da ta rage ka kai ta kan batir da sitabilaiza.