Amfanin Naitirojin a Ƙarfen Mazubi

Manomi ya san naitirojin a cikin buhun takin zamani, amma masu sarrafa ƙarfe ma suna da buƙatarsa. Mazubin da ake cusa wa narkakken alminiyam, wanda zafinsa ya haura digiri 660, ana ƙera shi ne da ƙarfe na musamman kamar samfurin H13, mai ɗauke da kuromiyam kimanin kashi 5 cikin ɗari da banadiyam kashi 1. Mazubin yakan ɗau zafi ya huce sau dubbai, har fuskarsa ta tsattsage tamkar ƙasar fadama da rani. Da zarar haka ta faru, sai aiki ya tsaya a masana'anta.

Idan aka sanya naitirojin kaɗan a ƙarfen, yakan haɗu da banadiyam da kabon su zama ƙananan ƙwayoyi masu tauri. Zafi ba ya saurin kumbura waɗannan ƙwayoyi, saboda haka suna riƙe tsarin cikin ƙarfen, su hana shi yin laushi ko da ya daɗe a wuta.

Sai dai abin yana son awo. Zallar ƙarfe narkakke a digiri 1600 ba ya shan naitirojin fiye da kimanin kashi 0.04 cikin ɗari, sai an ƙara matsin iska ko kuromiyam. In ya yi yawa, yakan bar ƙofofin iska yayin daskarewa, ko ya haifar da manyan ƙwayoyi waɗanda tsaga ke farawa daga gare su.